Abin da Saje Haggai Bai Fassara Ba

A shekarar 1956, in ka cire mai gari, babu wanda ake jin maganarsa a Tungar Marke kamar Haggai. Ƙauyen yana gindin dutse, tafiyar awa uku a ƙasa daga Zuru. Haggai ya yi soja shekara tara, ya je yaƙi har ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ya dawo da igiya uku a hannu da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, shi ya sa babba da yaro ke ce masa Saje. A bariki ya goge da Hausa, ya iya karatu da rubutu daidai gwargwado. Mutanen kan dutse kuwa C'lela suke yi, Hausar yawancinsu ba ta wuce ta cinikin gishiri da manja ba. Don haka duk baƙon da ya zo daga ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, da wata magana, Haggai ne ke tsayawa gefensa yana juya wa jama'a ita.

Akwai makaranta a garin, in za a kira ta makaranta. Rumfa ce ta kara da ciyawa a bayan kasuwa, yara talatin da huɗu suna zama a kan duwatsu. Malaminsu Muntaka, mutumin wajen Yawuri, siriri mai yawan tari, shekararsa uku a garin amma C'lelarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Kowace damina sai rumfar ta zube, shi da iyayen yara su sake kafa ta. Shi da Haggai sun shaƙu ƙwarai. Da la'asar sukan zauna a gindin tsamiyar kasuwa, Muntaka yana karanta masa jaridar da ta kwana biyu a hanya, Haggai yana ba shi labarin jirgin ruwa da dajin da ruwa ba ya ɗaukewa. Muntaka ne ya yi ta rubuta takarda Zuru yana roƙon a gina masu aji biyu na siminti da rufin kwano, Haggai kuma shi ke kai takardun a kan kekensa.

Amsa ta zo bayan an cire amfanin gona. Gwamnati ta yanka wa En'e iyakar abin da za ta iya ranta, kuma En'e ta riga ta ci mafi yawansa wajen haƙa rijiyoyi da gyaran hanya. Abin da ya rage bai wuce na ginin makaranta ɗaya ba a duk ƙasar. An yarda a ba Tungar Marke, amma da sharaɗi: sai masu biyan haraji na garin sun jefa ƙuri'a sun amince a ƙara wa kowa sule ɗaya a kan harajinsa har shekara huɗu, da shi za a biya rancen. In sun ƙi, a kai ginin wani gari.

Muntaka ya yi murna har tarinsa ya tashi. Haggai ma ya yi murna, sai ranar da safiyo ya zo duba fili.

Tungar Marke gari ne na duwatsu da kwazazzabai. Safiyo ya zaga da igiyarsa yini guda, bai sami shimfiɗaɗɗen wuri da ruwa ba ya kwanciya ba sai guda ɗaya, kusa da sabuwar rijiya. Gonar Haggai ce. Lokacin da ya dawo daga soja wurin fako ne cike da duwatsu, ba mai so. Rani uku ya yi yana tone su, yana ɗauka a kai da wannan ƙafar tasa, yana jera su a gefe, ya zuba taki, ya ƙarar da kuɗin sallamarsa wajen ɗaukar masu taya shi. Yanzu dawar da ke fita a wurin ba ta da ta biyu a garin. Safiyo ya kafa turaku huɗu a kusurwoyinta. Mai gari ya ce za a ba Saje wata gonar a hawan dutse, ya ƙara da cewa ai ya san Saje ba zai ƙi ba, tunda shi ne uban wannan magana tun farko. Mutane suna tsaye suna kallo. Haggai ya ce ba komai.

Daga ranar kullum da safe sai ya je ya tsaya yana kallon turakun. Bai gaya wa kowa abin da ke ransa ba, har matarsa Rebecca. Bai kuma shirya yin komai ba. Wannan shi ne abin da ya riƙa faɗa wa kansa daga baya, kuma gaskiya ne, sai dai bai taɓa rage masa nauyi ba.

Ranar ƙuri'a ta faɗo ranar kasuwa. An kewaye wani wuri da zana, aka ajiye tulu biyu a ciki, ɗaya an shafe shi da farar ƙasa, ɗaya baƙi. Kowane mai biyan haraji za a ba shi ƙwallon magarya guda da aka rina da shuni, ya shiga shi kaɗai, in ya yarda ya jefa a fari, in bai yarda ba ya jefa a baƙi. Malamin majalisa ya zo daga Zuru, dattijo mai ƙaramar murya, aka sa masa tebur a inuwa. Yana karanta takarda a zaune, Haggai yana sunkuyawa ya ji, sa'an nan ya miƙe ya faɗa da ƙarfi da C'lela. Muntaka yana can bakin zana yana lura da tuluna.

Komai ya tafi daidai har wani tsoho mai suna Dodo ya miƙe. Dodo yana da babban gida a kan dutse, 'ya'ya da ƙanne da jikoki masu biyan haraji sun kai goma sha huɗu, kuma inda ya sa ƙafa nan suke sawa. Ya ce shi ba ya ƙin karatu, jikokinsa biyu suna rumfar Malam. Abu ɗaya yake so ya sani: wannan sulen, akwai ranar da za a daina karɓarsa?

Haggai ya sunkuya ya maimaita tambayar. Malamin majalisa ya sa yatsa a kan takarda ya ce shekara huɗu ne cif, ga shi a rubuce da hatimi, in an cika ba wanda ke da ikon karɓar ko anini. A hankali ya faɗa, kasuwa kuma tana ci, ba wanda ya ji sai wanda ke jikin teburin.

Haggai ya miƙe. Daga inda yake tsaye yana hango turakun nan biyu na gabas.

"Ya ce an rubuta a takarda," in ji shi. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Baba, kai ma dai ka san haraji."

Dodo ya gyaɗa kai ya zauna. Aka yi 'yar dariya, maganar ta bi cikin taro daga baki zuwa baki. Malamin majalisa ya ga an yi dariya, ya ɗauka bayani ya gamsar, ya ce a fara.

Da layi ya zo kan Haggai ya shiga bayan zana, ya daɗe yana riƙe da ƙwallonsa, ya jefa a farin tulu. Da aka juye tulunan a kan tabarma aka ƙirga, baƙi ya fi fari da goma sha ɗaya.

Malamin majalisa ya hau dokinsa ya tafi. Sa'an nan Muntaka ya zo ya kama hannun Haggai ya ce ya gode, ya ga yadda ya tsaya tun safe yana ta fama da mutane har muryarsa ta dushe, Allah bai nufa ba ne kawai. Haggai ya ce haka ne. Bayan kwana uku ɗan doka ya zo ya tuge turakun ya tafi da su.

Ginin ya tafi wani gari ta wajen Danko. Kafin damina takarda ta zo cewa tunda mutanen Tungar Marke sun nuna ba sa son makaranta, ba dalilin a bar malami a wurin, an mai da Muntaka Sakaba. Haggai ne ya karanta wa mai gari takardar. Shi ne kuma ya ɗaure wa Muntaka akwatinsa a bayan jaki, ya raka shi har rafi. Ruwan farko ya kwantar da rumfar, ba wanda ya tashe ta, awaki suka cinye ciyawar.

Haggai ya yi shuka a gonarsa, dawa ta fito kamar kullum. Amma mutumin da a da sai rana ta faɗi yake barin gona, yanzu kafin azahar ya saɓa fartanya ya dawo gida ya zauna. A majami'a shi ke karanta littafi ranar Lahadi, sai ya ce idonsa ya fara ba shi wahala, a ba wani. In ya gamu da yaran rumfa suna kiwo ko suna ɗauke da itace, suka gaishe shi da Hausar da Muntaka ya koya masu, sai ya amsa a gurguje ya ƙara sauri.

'Yarsa Larai tana cikin yaran nan, shekararta tara, kuma ita ce ta fi kowa lissafi. Da ta dame shi da tambayar yaushe Malam zai dawo, sai ya sayar da tumaki biyu ya samo mata wuri a makarantar kwana ta mishan a Zuru. Ranar tafiyarta ya ɗora ta a bayan keke da ɗan akwatinta na kwano. Hanyar ta bi ta gaban rijiya, inda 'yan ajinsu ke ɗiban ruwa. Suka ajiye tuluna suka bi keken da gudu suna kiran sunanta, wata tana cewa in ta dawo ta zo masu da alli. Haggai bai waiwaya ba har suka gaji suka tsaya.

Da ya dawo washegari ya tarar da Rebecca tana surfe a tsakar gida. Ta kawo masa ruwa, ta koma bakin turmi, ta ɗauki taɓarya amma ba ta ci gaba ba.

"Baban Larai," ta ce, "ranar ƙuri'ar nan ni na kai wa baƙon ruwa. Ina bayanka a tsaye. Na ji abin da ya ce, na kuma ji abin da ka ce."

Rebecca ta zauna da shi a bariki shekara biyar, Hausarta ba ta da maraba da tasa. Ya tambaye ta me ya hana ta magana duk watannin nan. Ta ce jira take ya faɗa da bakinsa, ta ga abin yana cinsa, ta ɗauka zai kai shi ga faɗa. Amma jiya da ta ga ya ɗauki tasa 'yar ya fitar, ya bar na mutane, sai ta ji tsoron kada ya saba da abin ya zauna da shi haka nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ma ta ci tuwon gonar, ba ta fi shi ba. Ta ci gaba da surfenta.

Sati biyu ya yi yana juya maganar. Ranar wata Asabar ya hau keke tun da sassafe ya kama hanyar Sakaba. Damina ta yi nisa, rafuka sun kawo, wurare da yawa sai ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa. Sai washegari da hantsi ya isa. Ya sami Muntaka a ƙofar ɗakin da aka ba shi yana gyara wani allo da ya tsage, ya ƙara ramewa. Muntaka ya yi murna da ganinsa, ya sa aka dama fura, ya shiga tambayar yaransa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Haggai ya amsa har ya kasa, sai ya ajiye ludayi ya faɗa masa komai, tun daga turaku har tambayar Dodo. Bai rage ba, bai kuma ce ai shi a fari ya jefa ba, ko da yake maganar ta zo masa har baki.

Muntaka ya daɗe yana kallon allon da ke cinyarsa.

"Saje, da ka ce mini gonar ce, da mun koma wurin safiyo tare. Ko kan dutse ne sai mu fasa."

Haggai ya ce ya sani. Kunya ce ta hana shi, kada a ce Saje ya fi son dawa da karatun yara.

Muntaka ya ce shi abin da ya fi damunsa, wata bakwai ke nan yana riƙe da mutanen Tungar Marke a zuciya. Yana cewa ya ba su shekara uku na ransa sun saka masa da baƙin tulu, har ya rubuta haka a takardar da ya aika Zuru, kuma da wannan takardar aka kafa hujjar rufe ajin. Ashe alhakinsu ya ɗauka. Ya ce abin da ke tsakaninsa da Haggai ya yafe, ba sai an sake tayar da shi ba, amma na yara talatin da huɗu ba shi da ikon yafewa, ba nasa ba ne. Ya ba shi wurin kwana, ya raka shi bakin gari da safe, sai dai hirar ba ta koma yadda take a da ba, kuma dukansu sun san haka.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Haggai ya roƙi mai gari ya tara mutane a gindin tsamiya. Ya tsaya inda ya saba tsayawa ya faɗi abin da malamin majalisa ya ce da abin da shi ya ce, da dalilinsa. Ya yi tsammanin za a taso masa. Wasu samari sun yi hayaniya, wata mata ta tofar da yawu ta tafi. Amma da yawa kafaɗa kawai suka ɗaga, suka ce su ko shekara ɗaya aka ce ba za su yarda ba, wa ya taɓa ganin abin da ya shiga baitulmali ya daina shiga. Haggai ya ji wani ɗan sanyi ya fara shigarsa, ya fara tunanin watakila ko ya faɗi gaskiya haka za a yi.

Sai Dodo ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce shi ya yi tambaya ne don yana son amsa. Da an ce masa shekara huɗu, da fari zai jefa, shi da mutanen gidansa duka, don ya riga ya gaya masu haka tun a gida: in abin yana da ƙarshe a yarda, in ba shi da ƙarshe a ƙi. Ya dubi Haggai ya ce, "Na tambaye ka ne don kai namu ne." Ya kama hanyar dutse.

Haggai ya tafi Zuru ya sami malamin majalisa, ya sake faɗin maganar karo na uku, ya roƙi a sake ƙuri'a. Dattijon ya saurare shi, ya ce ko an sake, ko duk garin sun jefa a fari, ba abin da za a gina da shi. En'e ta kai iyakar rancenta, gwamnati ba za ta bari ta ƙara ko fam ɗaya ba sai ta sauke na baya, wannan kuwa sai nan da shekara huɗu ko biyar. Ya rubuta abin da Haggai ya faɗa, ya ce daga yau za a riƙa zuwa da tafinta daga Zuru. Haggai ya ce daidai ne.

Da aka girbe dawa ya je wurin mai gari ya ce ya bar gonar, a yi makaranta a kai ko da ta ƙasa ce. Ya fara kwaɓa ƙasa shi da Rebecca. Mutanen da suka fito taya su ba su kai ashirin ba, gidan Dodo ba wanda ya zo sai ranar ɗora jinka, da tsohon ya aiko samari huɗu ba tare da saƙo ba. Suka tashi ɗaki ɗaya dogo mai tagogi uku. Ɗakin ya yi shekara biyu ba malami. Haggai ya gwada koyar da yara da kansa, amma abin da ya sani bai wuce haruffa da ƙidaya ba, iyaye da yawa kuma ba su sake yarda su ba shi 'ya'yansu ba. Shi kuwa ya koma noma a hawan dutse, inda ƙafarsa ke kumbura kowace damina.

Sai a 1959 aka turo wani saurayi mai suna Kefas, ɗan ƙasar, ya buɗe ajin. Cikin yaran Muntaka tara ne suka dawo. Sauran sun yi girma, sun shiga noma, wasu an yi masu aure, uku sun tafi soja kamar yadda samarin ƙasar suka saba. Muntaka bai ga ɗakin ba, ciwon ƙirjinsa ya sa an sallame shi ya koma garinsu. Haggai ya rubuta masa sau biyu, amsa ɗaya ta zo, gajeriya, yana sa wa ajin albarka.

A ƙarshen wannan shekara wata gwauruwa mai suna Monica ta zo gidan Haggai da wasiƙa a ƙulle a bakin zane. Daga ɗanta Japhet ce, ɗaya daga cikin ukun da suka tafi soja, yana barikin Kaduna. Rubutun ba nasa ba ne, wani ya biya ya rubuta masa. Haggai ya zauna a kan turmi ya karanta mata. Yaron yana gaishe ta, yana lafiya, abinci yana isarsa. Ya ce an zaɓi wasu cikinsu za a kai su kwas ɗin sigina, aikin aika saƙonnin soja, an kira shi don an ga yana da kai, amma da aka ba shi takarda ya karanta sai ya kasa wuce layi na biyu, aka ce ya koma. Ya ce kada ta damu, ya fara zuwa ajin bariki, ko da yake abin da ya koya a da duk ya zube.

Monica ta sa ya maimaita mata wurin abincin, ta yi hamdala. Sa'an nan ta ce ya rubuta amsa, ta kunce bakin zanenta za ta ba shi ladan rubutu. Ya ce ta bar shi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takarda da fensir, ya daɗe a ciki har Rebecca ta leƙa ta ga ko lafiya. Da ya fito ya zauna, ya ɗora takardar a gwiwa, ya ce wa Monica ta fara, yana ji.